'Yar Hammajoda: Fitila a Cikin Duro

Shafi na 9

Masu cika min waya da "ina ci gaba" tun safe, na ji ku. Wata har cewa ta yi tuwonta ya ƙone saboda ni, to Allah ya ba maigidanki haƙuri. Ga wanda yau ya shigo mana: Murjanatu ta yi wata biyu tana tallar fitila mai sola ta waya daga ɗakinta a Rikkos, kamfani na ba ta la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarta, kuma mahaifinta bai sani ba. To yau ya sani.

*

Shekara arba'in da ɗaya Baba Hammajoda yana dillancin shanu a kara, babbar kasuwar dabbobi, kuma ba a taɓa ganinsa a gida kafin la'asar ba sai ranar da aka haifi Murjanatu. Shi ya sa da aka ji sallamarsa ana idar da azahar, gaban kowa ya faɗi.

Inna Aisatu na bakin kicin tana feraye dankali. Murjanatu na kan tabarma a baranda ita da Dina, ƙawarta tun sakandare, wadda ta taso daga Anguwan Rukuba don ta nuna mata yadda ake haɗa bidiyon talla. Dina ce ta koya mata harkar tun farko.

Baba ya shigo da leda a hannu. Ƙafarsa ta yi karo da butar da ke bakin rariya ta kife, bai ko waiwaya ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Lafiya dai?" in ji Inna.

"Lafiya ƙalau. A ba ni kujera."

Murjanatu ta tura wayarta ƙarƙashin tabarma, ta miƙe ta kawo masa kujerarsa ta katako. Dina ta durƙusa.

"Sannu Baba. Ya kasuwa?"

Ya juyo da kai wajen muryar.

"Au, 'yar Pwajok ce? Ashe kina nan. Ya babanki? Ki ce masa in yana son bijimin Kirsimeti bana, ya yi magana da wuri."

"Zai ji, Baba."

"Zauna, kar ki tafi. Ina jin da ke a cikin maganar."

Dina ta kalli Murjanatu. Murjanatu ta kalli ƙasa.

Baba ya zare abin da ke cikin ledar ya ɗora a kan gwiwarsa. Fitila ce baƙa mai marfin gilashi a ka, da ɗan mariƙi na rataya. Ya shafa ta da yatsu daga sama har ƙasa, ya sake shafawa.

"Wace ce 'Yar Hammajoda Dillali?"

Wuƙar Inna ta tsaya.

"'Ya'yana mata huɗu ne, uku suna ɗakunansu. Tambaya nake yi."

"Ni ce, Baba."

"Yawwa. Ina tsaye ina cinikin wata karsana, sai ga Ardo Muktar ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya. Wai fitilata ta iso. Na ce wace fitila? Ya ce wadda 'yarka take sayarwa. Kafin in rufe baki mutum huɗu sun kewaye ni, kowa da tasa godiyar. Ni da furfurata ina amsa godiyar abin da ban san launinsa ba. Na ce Ardo ya ara min tasa in zo in gaisa da mai kayan."

"Baba, ka yi haƙuri. Na so in gaya maka."

"Haƙuri na nan, ba inda zai je. Ina shagon?"

"Ba ni da shago."

"Ina kayan?"

"Suna Legas, a wajen kamfani."

"Wa ya kai ki Legas?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"Mai kayan fa, wa ya haɗa ku?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Baba."

Ya gyara zama. Dina ta ga ƙawarta ta rikice, sai ta shigo da Hausarta ta Jos, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Baba, bari na yi maka bayani. Sunan abin afiliyet. Murja ba ya riƙe kaya, ba ya taɓa kuɗin mutane. Kamfani zai ba shi linki, wani ɗan rubutu ne shuɗi da ake dannawa. Shi zai yi talla, ya sa linkin a ƙasa. Duk wanda ya danna ya saya, kamfani ne zai kai masa kaya har garinsu, sannan ya cire kamisho ya ba Murja."

"To ta yaya mutumin Legas zai san cewa ita ta kawo mai saye, ba ke ba?"

"Kowa da nasa linki, Baba," in ji Murjanatu a hankali. "Nawa yana ɗauke da lambata. Ko mutum dubu ne ke tallar fitilar nan, wanda ya biyo ta nawa ba ya ɓacewa."

Baba ya gyaɗa kai.

"Wato kamar shaidar da ake yi wa saniya a kunne."

"Haka ne, Baba."

"Ko ta shiga garken wani, an san mai ita."

"Haka ne."

"Kuma la'adar tana zuwa?"

"Tana zuwa."

"Ba musu? Ba sai kin bi mutum tasha kina jan rigarsa ba?"

"Babu. Wani lokacin ma ina wanke-wanke zan ji waya ta yi ƙara."

Baba ya cire hularsa ya ɗora a kan ɗaya gwiwar. Duk wanda ya san shi ya san ba ya cire hula a gaban yara sai abu ya kai masa maƙura.

"Ikon Allah. Aisatu, kina ji kuwa? Ni na sha tsayawa a rana tun hantsi har yamma a kan sa ɗaya, in bushe maƙogwaro, a tafa, sannan mai saye ya zagaya ta bayan mota ya tafi da haƙƙina. Ga wata nan tana wanke tukunya kasuwa na ci mata a Legas. Ba rana, ba ƙuda, ba ta taka kashin shanu ba."

"Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Inna, ta ci gaba da feraya tana murmushi.

"Allah mai iko," ya sake cewa. "Da an gaya min wannan a kara, da na ce mutum ya sha wani abu."

Murjanatu ta saki numfashin da ta riƙe tun shigowarsa. Dina har ta fara gyara ɗankwali. Ni kuwa nan ne na fara jin tsoro, don tsohon dillali idan ya fara yabon saniya, aibunta yake nema.

"Mutum nawa suka saya?"

"Arba'in da bakwai."

"A wata biyu?"

Ta girgiza kai.

"A sati biyar, Baba. Sati ukun farko ba wanda ya saya ko ɗaya."

"Me ya canza?"

"Da sunana nake yi. Ba wanda ya kula ni. Sai na canza sunan shafin, na yi saƙon murya da Hausa da Fulatanci, na tura a guruf ɗin makiyaya da 'yan kara. Na ce ni 'yarka ce."

"Kawai?"

"Kawai. Washegari mutum shida suka saya."

"Su waye?"

"Ba na ganin sunayensu. Kamfani adadi kawai yake nuna min. Sai dai wanda ya ga dama ya aiko min da saƙo."

"Dillalin da bai san mai sayensa ba," in ji Baba, kamar mai ɗanɗana maganar a baki. "To waɗanda suka aiko, daga ina?"

Ta jawo wayar daga ƙarƙashin tabarma.

"Akwai na Toro. Akwai Mangu, akwai Lafiya. Ga wani ma ya shigo da safe ban saurara ba. Lambar ta nuna sunansa Datti, wai daga Gembu."

"Gembu ta kan dutse? Mota kwana take yi kafin ta kai can. Sa mu ji."

Ta danna. Muryar wani magidanci ta fito, iska na kaɗawa a bayansa, ana jin kukan maruƙa daga nesa.

"Assalamu alaikum, 'yar Hammajoda. Ba ki san ni ba, babanki ma bai san ni ba. Shekara talatin da wani abu da suka wuce, mahaifina ya je Jos sayen bijimi. An gama ciniki, har an tafa, sai babanki ya ce a dakata. Ya durƙusa ya ɗaga kofaton bijimin, ya nuna masa wata tsaga da ba wanda ya gani, har mai bijimin. La'adarsa ta ragu a dalilin haka, bai damu ba. Mahaifina har ya rasu yana ba mu labarin nan. Ya ce mana duk abin da Hammajoda ya sa hannu a kai, ku saya ido rufe. Shi ya sa da na ji muryarki ban tambayi kowa ba, na sayi uku. Damina ta kama a nan, masu kwana da shanunmu a kan dutse suna shan ruwa, fitilun kasuwa duk sun mutu. Kin ce taki ruwa ba ya shiganta. Allah ya yi miki albarka, ki gaida tsoho."

Saƙon ya ƙare.

Murjanatu ta bi mahaifinta da kallo kamar yau ta fara ganinsa. Mutumin nan da take wanke wa riga mai warin shanu duk Juma'a, wanda ke faɗa idan an bar murfin buta a buɗe, ashe sunansa ya hau dutsen da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ya zauna a bakin mutane shekara talatin. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ji alfahari, kuma a ƙarƙashin alfaharin ta ji kunya mai nauyi, don sai yanzu ta gane girman abin da ta ɗauka ba da izini ba.

"Kai, Baba," in ji Dina da ƙaramar murya. "Ashe kai babban oga ne."

Baba bai yi dariya ba.

"Na tuna bijimin. Ja ne, ƙahonsa ɗaya ya ɗan karkace." Ya mayar da hularsa. "Me kika gaya musu a kan fitilar nan?"

Ta miƙa masa wayar. Bai karɓa ba.

"Ke karanta."

Ta buɗe tallar.

"Fitila mai sola, caji ɗaya tana kaiwa asuba. Ruwan sama ba ya shiganta. Ko ta faɗa kogi tana ci."

"Ko ta faɗa kogi."

"Eh."

"Wane kogi kika jefa ta?"

"Kamfani ne suka rubuta da Turanci, ni kuma na mayar da shi Hausa."

"Ban tambaye ki abin da mai kaya ya ce ba. Mai kaya bai taɓa kawo tsohuwar saniya kara ya ce tsohuwa ce ba. Kowa tasa karsana ce. Shi ya sa dillali ke kama muƙamuƙi ya buɗe baki ya ƙirga haƙora da kansa kafin ya furta kalma ɗaya. Ke kin buɗe bakinta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Murjanatu."

"Ban taɓa riƙe ta ba, Baba." Ta kalli fitilar. "Yau na fara ganinta a fili, a hannunka."

Inna ta ajiye wuƙa.

"Ke 'yar nan."

"Na gaya masa ya yi oda ɗaya ya gwada," in ji Dina. "Allah, na gaya masa. Ni duk abin da nake talla sai na fara amfani da shi."

"Idan na yi oda gida za a kawo," in ji Murjanatu tana share ido. "Baba zai gani, asirina ya tonu."

"Sai kika zaɓi ki ɓoye wa mutum ɗaya, ki rufe idon arba'in da bakwai," in ji Baba.

Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, irin na Jos da ke mayar da rana magariba cikin minti goma. Iska mai sanyi ta fara kaɗa kayan da ke kan igiya.

Baba ya miƙe da fitilar a hannu.

"Duron nan na bakin indararo, da ruwa a ciki?"

"Cike yake tun ruwan shekaranjiya," in ji Inna.

"Dankalinki saura nawa?"

"Ya kai ashirin."

"To ga sharaɗi. Za mu sa ta a ruwa. Idan tana ci har Innarki ta gama feraye dankalin nan, na ba ki sunana halak malak, ki yi kasuwa da shi. Idan ta mutu, ki cire sunana daga wayar nan yau, kuma kin gama wannan sana'a a gidana."

"Baba, fitilar Ardo ne fa," in ji Dina.

"Ni na aro, ni zan ji da Ardo. A kawo igiyar guga."

Murjanatu ta kawo. Ya laluba mariƙin ya ɗaura igiyar da irin ƙullin da ake yi wa ɗan maraƙi, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya miƙa mata.

"Kunna. Ke za ki saka da hannunki."

Ta danna maɓallin, farin haske ya fito. Ta tako zuwa shuɗin duron roba da ke jikin bango, ta yi bisimilla, ta saki igiyar a hankali har fitilar ta nutse.

Sai duron ya kama.

Daga gindinsa har baki ya zama shuɗi mai haske, kamar an zuba masa wuta a ciki. Hasken ya fito ta jikin robar ya kwanta a bango, ya hau ƙasan kwanon rufi yana rawa. A cikin duhun hadarin nan tsakar gidan gaba ɗaya ta canza launi. Ana ganin komai a cikin ruwan, 'yan ƙwayoyin yashi a ƙasa, wani ganyen gwaiba da ya nutse, har da ƙananan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil.

"Yesu," in ji Dina, ta dafe ƙirji.

Inna ta taso da wuƙa a hannu tana salati.

"Shekarata goma sha biyu ina ɗiban ruwa a duron nan, ban taɓa ganin cikinsa ba sai yau. Wuta a cikin ruwa, Malam. Wuta a cikin ruwa kuma ba ta mutu ba."

Murjanatu na tsaye a bakin duron. Fuskarta da hannayenta duk sun yi shuɗi. Hawayen da take riƙewa suka zubo, ba ta ma san na mene ne ba.

"Aisatu, koma kan dankalinki," in ji Baba.

Inna ta koma. Matar da ke ɗaukar rabin awa a kan dankali biyar don kar ta yi asarar tsoka, yau sai ga ɓawo na tashi kamar ana aske.

"Ina jin wuƙarki. Feraya na ce, ba yanka ba."

Inna ta rage gudu kaɗan, ba da son ranta ba.

Baba ya tako ya dafa bakin duron da hannu biyu, ya sunkuya a kansa. Dina na ƙirga dankali da ido.

"Saura goma sha biyu," ta raɗa wa Murjanatu.

Ɗigon ruwan farko ya faɗo a kan kwano.

"Saura takwas."

"Saura biyar. Murja, ka ci."

A nan ne Murjanatu ta ga wani ɗan kumfa ya fito daga gefen marfin gilashin ya hau sama. Wani ya biyo shi. Sai suka jeru kamar carbi.

Hasken ya ɗan girgiza. Ya dawo. Shuɗin da ke bango ya koma fari-fari, ya koma ja kamar garwashin da ya kwana. Ya ƙifta sau biyu.

Ya ɗauke.

Duron ya koma duron da aka sani. Dina ta damƙe hannun Murjanatu har farcenta ya shiga. Wuƙar Inna ta tsaya, dankali uku na kwance a cikin roba.

Baba na nan a sunkuye, fuskarsa daidai saman ruwan, tazarar ba ta fi taƙi biyu ba.

"Tana ci har yanzu?"

Murjanatu ta ɗago ta dube shi. Da farko ta zaci gatse ne. Sai ta ga idanunsa a buɗe suke tar, amma ba ruwan suke kallo ba, sun ɗan karkata wajen bango, inda babu komai.

Ta tuna butar da ya kife. Ta tuna bai san Dina na nan ba sai da ta yi magana. Ta tuna wayar da ya ƙi karɓa, da yadda ya shafa fitilar sau biyu. Ta tuna watannin nan da ya daina hawa babur ɗinsa ya ce gwiwa ce.

Ta juya wajen Inna. Inna na kallonta, hawaye na bin kumatunta, ta kasa ko girgiza kai. Ashe ita ta sani.

Dina ma ta gane. Ta matso da fuskarta gaban Murjanatu, ba sauti, leɓe kawai.

"Ce eh. Saura uku."

Dankali uku. Inna za ta gama su kafin a ƙirga ashirin. Ba wanda zai tona. Sunan zai zama nata halak malak, da sana'ar da ta fara ba ta abin hannunta ba tare da ta roƙi kowa ba. Ni kaina da nake ba ku labarin nan ban san me zan ce ba da ni ce a wurin, kuma kar wata ta zo min da wa'azi a ƙasa.

"Murjanatu, da ke nake. Tana ci?"

Ta zare hannunta daga na Dina.

"Ta mutu, Baba. Ruwa ya shige ta ta gefen marfi. Saura dankali uku."

Baba ya saki bakin duron. Sannan ya miƙe tsaye ya sauke wani dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi."

"Baba?"

"Na ji lokacin da wuƙar Innarki ta tsaya. Na san ta mutu." Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami kanta ya dafa. "Abin da ban sani ba shi ne ke."

Kuka ya ƙwace mata.

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata bakwai. Da farko kamar hayaƙi, yanzu inuwa kawai nake gani. Da yatsa nake ƙirga haƙoran shanu, da tafin hannu nake auna ƙiba. 'Yan kara suna cewa tsoho ya ƙware har ba ya buƙatar dubawa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ranar da suka gane, ba mai sake ba ni igiyar akuya ma. Banda Innarki ba wanda ya sani. Yanzu ga ki, ga 'yar Pwajok."

"Bakina ba zai faɗa ba, Baba," in ji Dina tana kuka ita ma. "Ko babana ba zai ji ba."

"Na sani, 'yata."

Ruwa ya fara sauka sosai. Inna ta kama hannunsa ta mayar da shi baranda, a karon farko ba tare da ta ɓoye cewa jagora take yi masa ba. Ya zauna. Murjanatu ta durƙusa a gabansa da wayar a hannu.

"Zan cire sunan yanzu."

"Cirewa ba ta busar da wanda ruwa ke duka a Gembu. Mutum arba'in da bakwai suna riƙe da abin nan suna jin ko kogi ba ya kashe shi. Wani zai shiga rafi da shanu da dare ya dogara da ita. Kin ce ba ki san sunayensu ba?"

"Ban sani ba."

"To ta ina murya za ta same su duka?"

"Sai dai guruf ɗin da na fara turawa. Duk suna ciki."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Sun fi ɗari takwas. Da 'yan kara, da ardo-ardo, da masu motocin shanu."

"Wato duk wanda na taɓa tafawa da shi." Ya gyara wuyan rigarsa, ya daidaita hula kamar mai shirin shiga gaban alƙali. "Danna abin da ake magana. Ni zan yi."

"Baba, laifina ne. Ni ya kamata in yi."

"Da sunana suka saya. Danna."

Inna ta tsaya a bayansa, roba da wuƙa a hannu.

"Malam, me za ka ce musu?"

Murjanatu ta buɗe guruf ɗin, ta ɗora babban yatsanta a kan alamar, ta kai wayar kusa da bakinsa. Lambobin daƙiƙa suka fara tafiya.

Baba ya yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum, jama'ar kara da na ruga. Ni ne Hammajoda dillali, na Jos. Kun san ban taɓa bari a tafi da dabba ban nuna aibunta ba. Yau aibu biyu zan nuna muku."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Inna ta faɗi a kan siminti.

"Na farko na fitila ne."